Zare: Ƙaramar bindiga da babba, da gardamar da muka yi da ƙanena a Rogo

1/
Jama'a ku ɗan ara min lokacinku. Zaren nan zai yi tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare. Magana ce a kan bindiga, kuma tun yanzu in faɗa: ba harbi zan koyar ba, ba tallan makami nake ba. Wata gardama ce muka yi da ƙanena ranar Juma'a a Rogo, har yau tana cin raina.

2/
Muna majalisa bayan La'asar, ana hirar tsaro kamar kullum. Kun san yadda yankinmu yake: Rogo ga Katsina ta nan, ga Kaduna ta can, Karaye ma a bakin hanya take. Duk abin da ya faru a maƙwabta, kafin Magariba labarinsa ya iso teburin mai shayi. Sai yaron nan ya ja ni gefe ya ce: "Yaya, ni fa 'yar ƙarama nake so in samu. Irin ta aljihun nan. Ba ta da nauyi, ba ta da wuyar harbawa, kowa zai iya da ita."

3/
Ban yi masa tsawa ba, don na san tsoro ne yake magana a bakinsa. Yana da mata da jariri, gonarsa tana bayan gari. Amma kalmar nan "ba ta da wuyar harbawa" ita ta tsaya min. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, har ranar da aka ɗora min ita a hannu.

4/
Lokacin ina karatu a Amurka ne, a jihar Tekzas. Wani abokin karatuna ya kai ni filin koyon harbi, inda doka ta yarda, da malami a tsaye a kanka, da abin toshe kunne, da tabarau. Aka jera mana libarba huɗu a kan tebur. Ga waɗanda ba su sani ba, libarba ita ce bindigar hannun nan mai 'yar ganga a tsakiya, ganga mai ramuka biyar ko shida, tana juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. Irin ta finafinan kaboyi. Tsohuwar fasaha ce, Samuel Colt ya yi mata rajista a Amurka tun 1836.

5/
Lambobin da kuke ji, .22 da .38 da .357 da .44, faɗin harsashi suke nufi a ma'aunin inci. Na .22 bai kai milimita 6 ba, nauyin dalmarsa wajen giram 2.6. Na .44 Magnum ya kusa milimita 11, dalmarsa ta haura giram 15. Wato kusan ninki shida. (Abin dariya, .38 da .357 faɗinsu ɗaya ne, albarushin da ke bayansu ne ya bambanta. Sunayen nan ba su cika faɗin gaskiya ba.)

6/
Ni da wayona, na ce bari in fara da wadda ta fi kowacce ƙanƙanta a ido, wata 'yar .38 mai gajeren baki. Da na ɗaga ta sai na ji kamar abin wasan yara. Irinta nauyinta bai fi giram 420 ba. Ku auna: ledar fiya wata ɗaya ta fi ta nauyi.

7/
Na auna takarda, na fara jan kunama. Wallahi na ɗauka a kulle take. Ina ja, ina ja, yatsa yana rawa, bakin bindiga yana yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya. Da ta tashi kuwa, tafin hannuna ya ji kamar an maka masa muciya. Harsashin bai ko taɓa takardar ba, takardar da ke gabana taku bakwai ko takwas. Harbi biyar na yi, biyu ne kawai suka shiga, su ma a gefe.

8/
Malamin bai ko yi dariya ba, alamar ya saba gani. Ya bayyana min dalili, kuma dalilin ne nake so ku riƙe.

A libarba, idan ka ja kunama kai tsaye, yatsanka ɗaya ne yake yin aiki uku: shi zai juya gangar, shi zai ja 'yar gudumar da ke dukan harsashi baya, shi zai sake ta. Ƙarfin da ake buƙata yakan kai kilo 5, wani lokaci ya haura. Ka ɗauki jarkar ruwa mai lita biyar ka rataya a yatsa ɗaya, ka ji yadda take.

9/
To haɗa lissafin. Bindiga ba ta kai rabin kilo ba, kunamarta tana neman kilo 5. Kana matsa mata ƙarfin da ya ninka nauyinta sau goma, kana kuma so ta tsaya cak ba motsi. Ina! Dole bakinta ya karkace. Ga mariƙin gajere, ƙaramin yatsanka ma ba shi da wurin zama, yana lilo a iska. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya 'yar kaɗan, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a hannunka sai ya zama kamu guda a can gaba.

10/
Sai aka miƙo min babbar, .357 mai baki inci huɗu, nauyinta ya haura kilo ɗaya. Gabana ya faɗi. Malamin ya zuba mata harsashi iri ɗaya da na ƙaramar, wato .38 ɗin dai, don babbar tana cin duka biyun. Na ja kunama: santsi, kamar ana jan ƙofar da aka sa wa mai. Ta tashi, ta ɗan ture ni kaɗan, shi ke nan. Shida na harba, shida suka shiga takarda.

Harsashi ɗaya fa. Hannu ɗaya. Mutum ɗaya, minti goma tsakani.

11/
Wanda ya yi fiziks a sakandare ya tuna dokar Newton ta uku: duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa ne yake tura bindiga baya. Idan bindigar tana da jiki, ita za ta shanye mafi yawan dukan. Idan ba ta da jiki, ƙashin hannunka ne zai shanye. Ashe rashin nauyin da ƙanena yake yabo shi ne babban aibinta.

12/
Yanzu ga inda abin ya fi ɗaure min kai. Na ce to ai .22 ita ce mai sauƙi, tunda harsashinta kamar ƙwayar gyaɗa. Ta fuskar shuri, gaskiya ne, kusan ba ka jin komai. Amma kunamarta ta fi ta sauran tauri! Dalili: harsashin .22 ba a tsakiyar gindinsa ake dukansa ba, a gefen baki ne, kuma sai an doke shi da ƙarfi yake kamawa. Don haka masu ƙera ta sukan sa mata sifirin mai tauri. Harsashi mafi ƙanƙanta, kunama mafi nauyi. Wa zai yi tsammani?

13/
Ta ƙarshe, .44 Magnum. Ita ce irin wadda Clint Eastwood ya riƙe a fim ɗin Dirty Harry na 1971, Smith & Wesson Model 29, wadda ta sa samarin duniya suka haukace da son babbar bindiga. Kunamarta lafiya lau, ba ta fi ta .357 wuya ba. Amma da ta tashi, bakinta ya ɗaga sama, wuyan hannuna ya amsa, iskar ƙarar ta dake ni a ƙirji duk da kunnena a toshe yake.

Harbi na biyu shi ne abin kunya. Tun kafin ta tashi na runtse ido na dunƙufar da hannu ƙasa, don jikina ya riga ya tsorata. Harsashin ya tafi ƙasa. Na ajiye ta a na uku, na ce na gode.

14/
Wannan zaburar tana kama kusan kowane sabon maharbi, kuma ba jarumta ke maganinta ba, sai atisaye mai yawa. Su can mutum yakan ƙona ɗaruruwan harsasai kafin hannunsa ya zauna. Kai da za ka ɓoye taka a ƙarƙashin katifa, da harsashi huɗu da ka saya a ɓoye, a ina za ka yi atisayen? Ranar da za ka fara jan kunamarta ita ce ranar da ake dukan ƙofarka ƙarfe biyun dare, cikin duhu, jikinka yana ɓari, iyalinka suna bayan katangar da harsashin zai iya hudawa.

15/
Wani zai ce ai akwai dabara: ka ja gudumar baya da babban yatsa tukuna, sai kunamar ta yi laushi. Haka ne, takan sauko zuwa kilo ɗaya da rabi ko biyu, taɓawa kaɗan ta tashi. To a nan kuma ake harbin da ba a yi niyya ba. Mutum a firgice, yatsa a kan kunama, wani ya yi tari a bayansa. Shi ya sa 'yan sandan birnin New York suka shafe shekaru ana ba su bindigogin da aka ƙara wa kunamarsu nauyi da gangan, wajen kilo 5 da rabi. Sun zaɓi wahalar saiti a kan harbin kuskure. Su fa masu horo ke nan.

Kunama mai tauri, ka kuskure wanda ka auna. Kunama mai laushi, ka harbi wanda ba ka auna ba. Tsakanin biyun nan ake neman hannun da ya ƙware.

16/
Da na dawo gida na ba kawuna labarin nan ina ta zuba, ina jin na zo da sabon ilimi daga Turai. Kawu maharbi ne tun kafin a haife ni, a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Da kaka yana bin fakara da zabin daji, wani lokaci ya gangara wajen dam ɗin Challawa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce: "Ɗan nan, sai da ka hau jirgi ka san wannan?"

17/
Ya shiga ɗaki ya fito da bindigogin toka guda biyu. Ɗaya doguwa, mai kaurin itace, ɗaukarta ma aiki ne. Ɗaya gajeriya, shafal. Ya ce doguwar ita ce abokiyar tafiyarsa, idan ya kafa ta a kafaɗa zama take yi. Gajeriyar kuwa, ya ce, jaka ce, gaba take harbi baya take harbi. Ya buɗe min kafaɗarsa ya nuna min inda ta taɓa kumbura masa har ya yi kwanaki ba ya iya ɗaga fartanya.

Bai san sunan Newton ba, amma kafaɗarsa ta san dokar.

18/
Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake maganar kunama. Ya ce kowace bindiga da halinta, kamar doki. Wata sai ka matsa, wata kallo ma ya ishe ta. Shi ya sa ba ya aron bindiga, ba ya kuma ba da tasa aro, ko ga ɗan cikinsa. Kuma ban taɓa ganin yatsansa a kan kunama ba sai lokacin da zai harba. Yana tafiya a daji, yatsan yana miƙe a jikin itace, bakin bindiga yana kallon ƙasa. Abin da Baturen can ya yi ta nanata min ke nan da Turanci, na biya kuɗi na ji.

19/
Ku lura kuma da kunnen tsofaffin mafarauta da 'yan bindigar da ke buga ta a hawan Sallah. Da yawansu sai ka ɗaga murya suke ji. Kawu ma kunnensa na hagu ya tafi hutu. Ƙarar bindiga tana kaiwa desibel 140 zuwa sama, manyan libarba suna haura 160, kuma harbi ɗaya a cikin ɗaki rufaffe ya isa ya yi wa kunne illar da ba ta gyaruwa. A fim ba a nuna muku wannan.

20/
To yanzu mu dawo kan ƙanena. Duk bayanin da na yi a sama a kan bindigogin kamfani ne, waɗanda injiniyoyi suka auna, aka gwada su kafin su fito. Wadda za a kawo masa a leda a bayan kasuwa fa? Mafi yawa ƙirar gida ce. Ba wanda ya auna kunamarta, ba wanda ya gwada ko ƙarfen bakinta zai jure. Yau ta ƙi tashi, gobe ta tashi da kanta.

Na san wani saurayi, ba zan faɗi gari ba, da ya soke irinta a ƙugu ya hau babur. Suka faɗa rami, ta tashi. Cinyarsa ta samu. Aka rasa yadda za a kai shi asibiti, don tambayar farko ita ce "wa ya harbe ka?" Har yau yana ɗingishi, kuma ba ɗan fashi ko ɗaya da ya taɓa gani.

21/
Ga kuma doka, wadda yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, lamarinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta ta zamani, sai da lasisin Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa suna cikin rukunin haramtattu, layi ɗaya da makaman soja, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da lasisinsu. Hukuncin riƙe ta ba lasisi ɗauri ne da bai gaza shekara goma ba.

Wato 'yar ƙaramar da ake rainawa, a idon doka ta fi doguwar bindigar kawu nauyi nesa ba kusa ba. Kallon kitse ake yi wa rogo. (Mutanen Rogo ku yi haƙuri, karin magana ce ta zo a haka.)

22/
Na san abin da wasunku suke rubutawa yanzu: "To Malam, mu zauna a zo a kwashe mu kamar kaji?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan raina ta ba. Wanda yake kwana a unguwar da ke da maigadi da katanga ba shi da bakin yi wa mutumin ƙauye wa'azin haƙuri. Manyan mutane ma sun faɗi irinta. Janar T.Y. Danjuma ya ce jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018. Gwamnatin Zamfara a zamanin Matawalle ta ce mutane su nemi lasisin bindiga a 2022.

23/
Amma ku duba da wa ake faɗan. Masu zuwa a kan babura goma ko ashirin, da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kai wa mita ɗaruruwa. Kai kuma da 'yar aljihu mai harsashi biyar, wadda ni da rana tsaka, hankalina kwance, malami a gefena, na kasa samun takarda a taku takwas. Harbinka na farko ba zai kore su ba, zai dai gaya musu ɗakin da za su buɗe wa wuta.

24/
Abin da na ga yana ɗan tasiri a ƙauyukanmu ba ya cikin aljihun mutum ɗaya. Sintiri ne na haɗin gwiwa, da sanin dagaci da hakimi da DPO, da mafarauta irin su kawu waɗanda suka san kowace burtali da kowane kwazazzabo. Da lambar waya da ake kira a ɗauka. Da sanin baƙon da ya shigo gari da wanda yake saye musu burodi da fetur. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 a ƙarƙashin Gwamna Dikko Radda, da horo da albashi da kaki. Tana da nata matsalolin, amma aƙalla an san wa ke riƙe da me, kuma wa za a tuhuma idan an yi ɓarna.

Tunda yanzu masarautar Karaye ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne a ƙarƙashinta, ni a ganina nan ya kamata matasanmu su matsa lamba: a yi rajistar 'yan sintiri, a horar da su, a san su.

25/
Kada kuma mu manta Uromi. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Arewa, yawancinsu 'yan jihar Kano, aka kashe a jihar Edo suna hanyar dawowa gida yin Sallah. Bindigogin farauta aka gani a motarsu, sai aka yanke musu hukunci a titi. Zalunci ne tsantsa, Allah Ya ji ƙansu. Abin da ya sa na kawo shi: a ƙasar nan ganin bindiga a hannunka kaɗai yana iya sauya yadda za a ɗauke ka cikin minti ɗaya, ko da sana'arka ce ta gado. Bare a ce fistol aka zaro daga ƙugunka a shingen bincike tsakanin Karaye da Gwarzo. Wa zai tsaya jin cewa don kare iyali ka saya?

26/
Masu son babbar don burga, ku ma ban manta da ku ba. Na ga masu ɗora hoton libarba mai ƙyalli a sitatus suna rubuta "maganin maƙiya". Ɗan'uwa, wannan abar idan ka riƙe ta ba daidai ba, iskar wutar da ke fita ta tsakanin ganga da baki kaɗai tana iya tsaga maka yatsa. Clint Eastwood harsashin wasa yake harbawa, kuma idan bai yi kyau ba darakta ya ce a sake.

27/
Duk wannan na zayyana wa ƙanena, ba a tsare haka ba, a tsaye a jikin babur ɗinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaya, na ji. Amma idan suka zo fa?" Na ce masa ban da amsar da za ta sa ya yi barci mai daɗi, kuma wanda ya ce yana da ita yaudararsa yake. Abin da na iya shi ne na roƙe shi ya riƙe kuɗinsa, ranar Asabar mu je wurin kawu tare.

28/
Mun je. Kawu ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba. Sannan ya ɗauko gajeriyar nan, ba komai a cikinta, ya duba ya sake dubawa, ya miƙa masa ya ce ya auna kututturen darbejiya ya riƙe ta a haka har ya ƙirga hamsin. Kafin ashirin bakinta ya fara rawa. Kawu ya karɓe abarsa ya ce idan da gaske yake, akwai sintiri daren Laraba, ya zo da tocila da takalmi mai kyau, shekara guda zai yi yana bin su a baya kafin a yi maganar ya taɓa kunama.

Ya ce zai je. Larabar ce jibi, zan kira kawu in ji ko ya zo.